Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a makarantun kuɗi na arewacin Kamaru

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda a Kamaru aka fi kira amikal, haɗuwa ce ta mutanen da suka yi karatu a makaranta ɗaya, suka watse neman abinci, sannan suka dawo suna haɗa kuɗi dan tallafa mata. A Garwa da Marwa da Gaundare ana samunsu sosai a makarantun kuɗi, wato na Katolika da na Furotesta da na Musulunci irin su faranko-arab masu koyarwa da Faransanci da Larabci, da kuma na 'yan kasuwa masu zaman kansu, dama kashi huɗu kenan da gwamnati ta san da su. Tsofaffin makarantun mishan irin su kwalejin Mazenod ta Gaundare sun daɗe suna yaye ɗalibai, dan haka mutanensu sun bazu ko'ina.

Amikal daban take da APEE, ita APEE ƙungiya ce ta iyayen yaran da ke karatu yanzu da malamai. A doka kuwa, amikal tana ƙarƙashin dokar 'yancin kafa ƙungiya ta 19 ga Disamba 1990, ana kai takardun ƙa'idoji da sunayen shugabanni ofishin firefe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, a karɓo shaida. Da yawa ba sa ma zuwa, guruf ɗin WhatsApp ne ofishinsu.

Kuɗin yana shigowa ta hanyoyi kala kala. Akwai kuɗin wata da kowane mamba ke biya, akwai adashi da ake cire wani kaso a zuba asusu, sai gidauniya da ake kafawa lokacin hutun ƙarshen shekara kafin a koma makaranta a watan Satumba. Waɗanda ke Yawunde da Duwala da Injamena ko ma Faransa da Saudiyya suna turowa ta Orange Money ko MTN MoMo, ma'aji ya ɗauki hoton saƙon ya sa a guruf, kowa ya gani, kuma gaskiya wannan sa sunan a fili shi ke tsuma mutane, dan ba wanda ke so 'yan ajinsu su ga an jera suna babu nashi alhali an san yana da mota. Ranar taron gidauniya akan gayyato wani attajiri ko babban ma'aikaci cikin tsofaffin ɗaliban ya buɗe da kaso mai tsoka, saura su bi.

Inda gizo ke saƙar shine makarantar kuɗi tana da mai ita. Ta gwamnati ta kowa ce, amma wannan akwai wanda ya kafa ta yana kuma karɓar kuɗin makaranta, sai mutane su ce to mu tara mu ba shi ya ƙara jari kenan? Shi yasa mafi yawan amikal ba sa miƙa tsabar sefa ga darakta. Su kan sayi abin da kansu: bencina da aka rubuta sunan ƙungiya da fenti a jiki, kwanon rufi bayan iskar farkon damina ta yaye aji, famfon burtsatse, sola, ko kwamfutoci. Wasu kuma yaran suke bi kai tsaye, su biya wa marayu kuɗin makaranta ko kuɗin rajistar jarrabawar sakandare ta BEPC da Probatoire da Bac, a karɓo rasit da sunan yaro. A ganina wannan ya fi benci amfani, sai dai ba shi da daɗin ɗaukar hoto, dan haka ba a cika rububinsa ba.

Abin da ke kashe su sananne ne, rigimar shugabanci, ma'ajin da ba ya kawo lissafi, da 'yan siyasa da ke tuna tsohuwar makarantarsu sai zaɓe ya matso. Sannan mata ba su da yawa a shugabanci, musamman a rukunin shekarun baya da aure ke cire yarinya kafin ta gama.