Ma'aunin kwararar ruwa mai kauri

Ma'aunin kwarara na'ura ce da ake ɗaurawa a kan bututu domin ta ƙirga lita ko kilo na abin da ya wuce ta ciki. Zaɓenta ba ya da wuya idan ruwan sha ne. Wahalar tana tasowa ne idan abin da ake aunawa mai kauri ne, kamar man gyaɗa, zuma, narkakken ƙaro ko baƙin mai, kuma ba wani famfo mai ƙarfi da ke tura shi. Haka lamarin yake a ƙananan wuraren tatsar man gyaɗa na jihar Damagaram, inda ake ɗora tanki a sama, nauyin man ne kawai ke gangaro da shi.

Ana auna kauri da santifoyis. Ruwa yana da 1 a zafin digiri 20, man gyaɗa ya ninka haka sau gommai, zuma kuwa sau dubbai. Amma kauri ba ya zama wuri ɗaya. Man da ke zuba sululu a Zinder cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi ne ke tafiyar hawainiya da asubahin Janairu. Don haka da kaurin hunturu ake yin lissafi, ba da na bazara ba.

Matsin da ake da shi ɗan kaɗan ne. Da bar ake auna matsi, kuma tsayin mita 10 na ruwa ne ke ba da kusan bar 1, saboda haka tankin man gyaɗa da ke mita 3 a sama bai kai sulusin bar ba. Kowace gwiwa, kowane bawul da mataci na cin rabonsa daga wannan, abin da ya rage shi ne na ma'auni. Dokar Hagen da Poiseuille ta nuna cewa a kwarara mai natsuwa, wato wadda ruwa ke tafiya sumul ba tare da hautsinewa ba, asarar matsi tana tafiya daidai da kauri, kuma idan aka ninka faɗin bututu sau 2, asarar tana raguwa sau 16. Sau da yawa faɗaɗa bututu ya fi canza na'ura amfani.

Wannan natsuwar ce ke kayar da ma'aunai da dama. Tun 1883 Osborne Reynolds ya bambanta kwarara mai natsuwa da mai hargitsi, kuma ruwa mai kauri yakan tsaya ƙasa da lamba 2,000 a lissafinsa, wato a ɓangaren natsuwa. Ma'auni mai farfela da mai ƙirga guguwar ruwa duk don kwarara mai hargitsi aka ƙera su, a cikin mai mai kauri ƙarya suke yi. Ma'auni mai maganaɗisu ba ya cin matsi ko kaɗan, sai dai yana aiki ne da ruwan da lantarki ke bi ta cikinsa; zai auna ruwan ƙaro, ba zai ga mai ba sam.

Wanda ya fi dacewa shi ne mai haƙora biyu, wato giya biyu masu siffar ƙwai da ke juyawa tare. Mai yana juya haƙoran, kowane juyi yana kwasar mudu guda da aka san girmansa, kamar mai awo a kasuwar Dole ta Zinder. Abin sha'awa, kauri taimakonsa yake yi, domin yana toshe ƴar tazarar da ke tsakanin haƙora da bango, sai satar wucewa ta ragu. Kuskurensa yakan tsaya wajen kashi 0.5 cikin 100, kuma irin wanda juyin haƙoran ne ke tura ƙidayarsa ba ya buƙatar wuta, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda ya san ɗaukewar lantarki. Aibinsa biyu ne. Yana cin matsi, don haka a kan sayi wanda ya fi girman da ake zato, ya riƙa juyawa a hankali. Sannan tsakuwa ɗaya ko ɓarɓashin tunkuza na iya maƙale shi, kwarara ta tsaya cik, shi ya sa mataci a gabansa dole ne. Iska ma yana ƙirga ta a matsayin mai idan tanki ya kusa ƙarewa.

Ma'aunin Koriyolis, wanda ya ci sunan masanin Faransa da ya bayyana ƙa'idar a 1835, kilo yake aunawa kai tsaye, da kuskuren da ke kusa da kashi 0.1. Irinsa ya dace da manyan masana'antu masu famfuna, kamar matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ga tanki mai gangara kuwa, siraran bututunsa masu lanƙwasa sukan shanye ɗan matsin, ga kuma tsada.

Lita tana kumbura da zafi: man girki na ƙaruwa da kusan kashi 0.07 cikin 100 a kowane digiri, dalilin da ya sa ake mayar da lissafin man fetur zuwa digiri 15. Inda matsi ya gaza gaba ɗaya, a kan ɗora tankin ko gangar a kan sikeli a auna nauyi, bututu ya kasance ba komai a cikinsa sai bawul.