Me ake nufi da "taɓin hankali"?

A 'yan kwanakin nan da wuya mutum ya saurari shirin siyasa a rediyo bai ji ana neman a kai wani "gwajin ƙwaƙwalwa" ba. Wanda ya sauya sheƙa da wanda ya soki gwamna da yarinyar da ta yi rawa a TikTok, duk an yi musu kuɗin goro an ce suna da taɓin hankali. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu wannan magana suka ɗauki saɓa wa abin da jama'a suka saba gani a matsayin ciwo, alhali masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano raunin wannan ma'auni.

Gaskiya ne masanan suna duba ko halin baƙo ne a cikin jama'a, amma ai yaron da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara bakwai shi ma ba kasafai ake samun irinsa ba. Suna duba ko mutum yana cikin ƙunci, amma mai zaman makoki yana cikin ƙunci kuma lafiyarsa lau, ga shi kuma akwai ciwon da ke sa mai shi ya ji kamar ya fi kowa ƙarfi da farin ciki. Ita kuwa al'ada, uwar da take kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, wani baƙon likita zai iya zaton sanyin zuciya ke damunta.

A shekarar 1851 wani likita a Luwiziyana da ke kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya sanar da gano wata cuta da ya kira drapetomania, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "mai gudu" da kuma "hauka". Alamarta ɗaya ce: bawa ya tsere daga gonar ubangidansa. Daga cikin rigakafin da ya bayar har da bulala. A idon al'ummarsa bauta ita ce daidai, don haka neman 'yanci ya zama rashin lafiya, kuma da sunan ilimi aka rubuta hakan. Bayan fiye da ƙarni guda Tarayyar Sobiyet ta bi sahu, ta riƙa tsare masu sukar gwamnati irin su Vladimir Bukovsky a asibitocin ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa kundin DSM-5 na tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya fayyace cewa saɓanin mutum da al'ummarsa kan siyasa ko addini ba ciwo ba ne, sai idan wata tangarɗa a tunani ko ji ce ta haifar da shi. Likitan ƙwarai zai tambayi barci da cin abinci, da ko mutum yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, da ko har yanzu yana iya riƙe sana'arsa da gidansa, da kuma tun yaushe abin ya fara.