Waiwaye: Tamilawa, Wuraren Bauta da Mulhidanci, Daga Kudancin Indiya Zuwa Ƙasashen Waje

A garin Srirangam da ke jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, daura da doguwar hasumiyar haikalin Ranganathaswamy, wanda yake cikin manyan wuraren bautar addinin Hindu a duniya, akwai mutum-mutumin wani tsoho mai farin gemu da aka kafa a 2006. Rubutun da ke jikin dakalinsa yana musun samuwar abin bauta har sau uku, sannan ya kira wanda ya ƙirƙiro shi wawa, mai yaɗa shi mugu, mai bauta masa kuma bagidaje. Masu ziyarar ibada suna wucewa ta gabansa kullum da furanni da kwakwa a hannu. An kai ƙara don a goge irin wannan rubutu daga jikin mutum-mutumin da ke faɗin jihar, amma a 2019 Babbar Kotun Madras, wato babbar kotun jihar, ta kori ƙarar. Duk wannan yana faruwa ne a jihar da ƙidayar 2011 ta nuna cewa kusan kashi 88 cikin 100 na mutanenta miliyan 72 mabiya Hindu ne, Kiristoci da Musulmi kuma kowanne yana da kusan kashi 6.

Tsohon shi ne E. V. Ramasamy, wanda aka fi sani da Periyar. Sai an san tarihinsa ake gane halin da Batamilen da ya yi ƙaura zuwa Amurka ko Kanada yake samun kansa a ciki, wato ya ce bai yarda da wani abin bauta ba, amma ranar Asabar a gan shi ya kai 'ya'yansa haikali, kuma bai ɗauki hakan munafunci ba.

Gardama a kan addini ta daɗe a ƙasar Tamilawa. Tsofaffin waƙoƙinsu na zamanin Sangam, waɗanda suka kai kimanin shekara dubu biyu, sun fi magana a kan soyayya da yaƙi da kyautar sarakuna, ba su cika tsayawa kan ibada ba. Littafin Tirukkural na Tiruvalluvar, mai baiti 1,330, ya buɗe da yabon Ubangiji ba tare da ya jingina shi ga wata ɗariƙa ba, shi ya sa mabiya addinin Jain da mabiya Shiva, ɗaya daga cikin allolin Hindu, da wasu Kiristoci kowa ya taɓa cewa marubucin nasa ne, kuma mulhidan baya su ma suka rungumi sauran babukansa na ɗa'a da mulki. Addinan Jain da Buddha sun yi ƙarfi a yankin na ƙarnuka, kafin guguwar masu bege ta taso tsakanin ƙarni na 6 da na 9: Nayanmar 63 masu begen Shiva da Alvar 12 masu begen Vishnu, wani abin bautar na Hindu. Mawaƙan cikinsu sun yi waƙa da Tamil, ba da Sanskirit, tsohon harshen littattafan Hindu, ba, suka ɗaure harshen da ibada ɗauri mai ƙarfi, sarakunan Chola kuma suka gina wannan ibada da dutse, kamar haikalin Thanjavur da Rajaraja na Ɗaya ya kammala a 1010.

Ko a cikin masu imanin akwai 'yan tawaye. Mawaƙan da ake kira Siddha, irin su Sivavakkiyar, sun yi wa masu kewaya dutsen da aka kafa ba'a, suna tambaya ko dutse zai yi magana alhali Ubangiji yana cikin mutum, kuma sun soki fifikon asali kai tsaye. A ƙarni na 19 Ramalinga Vallalar ya buɗe gidan ciyarwa a Vadalur a 1867 inda kowa yake ci ba a tambayar asalinsa, Iyothee Thass kuma ya ja waɗanda ake ƙyamar taɓawa saboda ƙasƙancin asalinsu zuwa addinin Buddha. Babu mulhidi a cikin waɗannan, amma su suka share filin.

Abin da ya mayar da gardamar siyasa shi ne zamanin mulkin Turawan Ingila. A 1856 wani ɗan mishan, Robert Caldwell, ya wallafa nahawun da ya kafa hujjar cewa Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam dangi ne na daban, ba 'ya'yan Sanskirit ba ne. A lokaci guda kuma Brahmanawa, ajin limaman Hindu na gado, waɗanda ba su fi kusan kashi 3 cikin 100 na mutanen lardin Madras ba, sun riƙe mafi yawan kujerun alƙalanci da manyan ayyukan gwamnati da 'yan ƙasa suke iya samu. Daga wannan ƙorafi aka haifi jam'iyyar Justice a 1916. Daga nan aka fara kallon Sanskirit da limancin gado da tsarin fifikon asali da ake kira jati a matsayin kaya ɗaya da aka ɗora wa mutanen kudu.

An haifi Periyar a Erode a 1879, a gidan attajirai masu riƙon addini. Ya shiga jam'iyyar Congress, mai fafutukar 'yancin Indiya, a 1919, kuma a 1924 ya je Vaikom, a Kerala ta yau, inda aka ɗaure shi saboda fafutukar a bar masu ƙaramin asali su bi titunan da suka kewaye haikalin garin. A lura cewa ba shiga haikalin ake nema ba a lokacin, bin titi kawai. A 1925 ya bar Congress, bayan ta ƙi amincewa da rabon gurabe bisa al'umma, da kuma rikicin wata makarantar kwana a Cheranmadevi da jam'iyyar take tallafawa, inda ake raba wa yaran Brahmanawa wurin cin abinci. A shekarar ya fara fitar da jaridar Kudi Arasu, ya kuma jagoranci abin da aka sani da Gwagwarmayar Mutunta Kai. Hujjarsa ba ta masana falsafa ba ce. Bai ɓata lokaci sosai a kan wanda ya halicci duniya ba. Abin da ya dame shi shi ne littattafan addini sun ce an haifi wani sama an haifi wani ƙasa, limamai suna tsare da littattafan, alloli kuma suna tsare da limaman, don haka a ganinsa ba za a tumɓuke jati ba sai an taɓa tushen. A nan ne, a ra'ayina, masu kwatanta shi da mulhidan Turai na zamani suke kuskure. Mutumin da ya sha ba wa waɗanda ake ƙyamar taɓawa shawarar su shiga Musulunci idan suna son kuɓuta daga wulaƙanci, wanda kuma ya yi abota ta shekaru da shugaban gidan ibadar Shiva na Kundrakudi, ba samuwar Allah ce babbar damuwarsa ba, mutuncin ɗan Adam ne.

Wannan bai sa ya zama mai sassauci ba. A 1944 ya mayar da jam'iyyar Justice ƙungiyar Dravidar Kazhagam, ta masu baƙar riga, wadda ba ta shiga zaɓe. A 1953 ya jagoranci farfasa gumakan yumɓu na Pillaiyar, abin bautar Hindu da ake kuma kira Ganesha, a bainar jama'a, a 1956 kuma ya kira a ƙona hotunan Rama, wani abin bautar na Hindu. Kalamansa a kan Brahmanawa sukan wuce sukar tsari su koma cin zarafin al'umma, kuma har yau akwai iyalan da ba su manta ba. Abin da ya fi daɗewa cikin ayyukansa shi ne auren mutunta kai, wanda ake ɗaurawa ba limamin Brahman, ba addu'ar Sanskirit, ba kewaya wuta, sai musayar furanni ko zobe a gaban shaidu. Kotun Madras ta yanke a 1953 cewa wannan ba aure ba ne a idon doka, ma'aurata da yawa suka zauna cikin rashin tabbas har 1967.

Almajiransa ne suka gyara wannan, kuma su ne suka sassauta koyarwarsa. C. N. Annadurai ya ɓalle a 1949 ya kafa jam'iyyar DMK, kuma da yake ƙuri'a yake nema, ya san ba a cin zaɓe da zagin abin bautar masu zaɓe. Sai ya ɗauko wani tsohon baiti na Tirumular, mawaƙin Shiva, mai cewa al'umma ɗaya ce, Ubangiji ma ɗaya ne, ya mayar da shi taken jam'iyya. Ana yawan tuna maganarsa cewa shi ba zai fasa gunkin Pillaiyar ba, ba kuma zai fasa masa kwakwa ba. Fim ɗin Parasakthi na 1952, wanda M. Karunanidhi ya rubuta, ya bi wannan layin: ba a ce a rushe haikali ba, an ce kada ya zama maɓoyar miyagu. DMK ta ci mulki a 1967, ta halatta auren mutunta kai a shekarar, ta kuma canja wa jihar suna zuwa Tamil Nadu a 1969. Tun daga lokacin jam'iyyun da suka fito daga wannan tsatso ne suka daɗe suna mulkin jihar, sai dai M. G. Ramachandran, wanda ya kafa tasa jam'iyyar a 1972 ya kuma mulki jihar, yakan ziyarci haikalin Mookambika, magajiyarsa Jayalalithaa kuma ba ta taɓa ɓoye ibadarta ba. Karunanidhi ya rayu yana mulhidi har rasuwarsa a 2018, amma a lokutan da ya mulki jihar gwamnatinsa ce ta riƙa kula da dubban haikalai ta hannun ma'aikatar da doka ta ɗora wa wannan aiki. Faɗan ya koma kan wa zai yi limanci: dokar 1970 da ta soke limancin gado ta maƙale a kotuna shekaru da dama, sai a watan Agustan 2021 gwamnatin M. K. Stalin ta naɗa horarrun limamai daga asali daban-daban. Magadan mai fasa gumaka sun ƙare suna fafutukar a ba kowa damar yi wa gumakan hidima.

Ya kamata a ce wani abu kan Musulmi da Kiristocin Tamilawa, domin su ne shaidar cewa harshen ba mallakin addini ɗaya ba ne. Umaru Pulavar ya rubuta Seerapuranam, tarihin Annabi (SAW) a waƙe, a ƙarni na 17, kuma Musulmin gaɓar teku sun daɗe suna rubuta Tamil da haruffan Larabci, rubutun da suke kira Arwi, kwatankwacin ajaminmu. Gwagwarmayar Periyar ta jawo su jiki da sunan Tamilanci, abin da ya taimaka wajen hana siyasar Hindu zalla yin ƙarfi a jihar kamar yadda ta yi a arewacin Indiya.

Duk waɗannan kaya sun bi Tamilawa zuwa waje, amma ba lokaci guda ba. 'Yan ƙwadagon da Turawa suka kwasa a ƙarni na 19 zuwa tsibirin Moris da Natal ta Afirka ta Kudu da Malaya da gonakin shayin Silon, wato Siri Lanka ta yau, sun tafi da allolin ƙauye, Mariamman da Murugan. Haikalin Mariamman na Singafo tun 1827 yake, bikin Thaipusam na kogunan Batu a Malesiya kuma ya haura shekara 130. Periyar ya ziyarci Malaya a ƙarshen 1929, kuma tasirinsa ya bayyana a ƙungiyar gyaran al'adun Tamilawa ta Singafo da jaridar Tamil Murasu da G. Sarangapani ya kafa a 1935.

Ƙaura zuwa Amurka daban take. Ta buɗe ne bayan dokar shige da fice ta 1965, ta ɗebi likitoci da injiniyoyi, daga baya kuma masana kwamfuta. Brahmanawa suna da yawa a cikin na farko, kuma masu nazari sun danganta wani ɓangare na hakan da keɓe gurabe a makarantu da ayyukan gwamnatin jihar, wanda ya kai kashi 69 cikin 100. Siyasar gida ce ta zaɓi waɗanda suka fara fita, su kuma suka gina abin da suka sani: haikalin Ganesha na Flushing a New York a 1977, na Meenakshi a Pearland ta jihar Texas a 1982, da magina da limamai da aka ɗauko daga Indiya. A Cleveland an fara bikin kiɗan tunawa da Thyagaraja, mawaƙin bege na kudancin Indiya, a 1978. Ga wanda ya zo daga baya daga gidan masu baƙar riga, matsalar a fili take. A Madurai ko Erode yana iya ƙaurace wa haikali ya ci gaba da zama Batamile cikakke, domin harshen yana kan titi da kasuwa da sinima. A Texas kuwa, sau da yawa a harabar haikali ake koyar da yara haruffan Tamil da rawar Bharatanatyam, a can ake samun abincin gida, a can ake sanin juna har a ƙulla aure, kuma mafi yawan waƙoƙin gargajiyar da yaron zai koya waƙoƙin bege ne.

Waɗanda ba su yarda su bi ta wannan ƙofa ba sun gina nasu dandalin a kan ƙungiyoyin harshe, waɗanda suka haɗu ƙarƙashin FeTNA, tarayyar ƙungiyoyin Tamilawa ta Arewacin Amurka, tun 1987, da gasar haddar Tirukkural, da bikin girbi na Pongal da ake yi a tsakiyar Janairu, wanda Hindu da Kirista da Musulmi da mulhidi duk suke iya halarta. Ko wannan bikin bai tsira daga jayayya ba, domin a 2008 Karunanidhi ya mayar da ranarsa farkon shekarar Tamilawa don a rabu da kalandar da ke da sunayen Sanskirit, Jayalalithaa kuma ta soke dokar a 2011, ta maido da sabuwar shekara tsakiyar Afrilu. A Kanada, inda Tamilawan Siri Lanka da yaƙi ya koro suka fi yawa, majalisar dokoki ta ayyana Janairu watan al'adun Tamilawa a 2016.

Jati ma ya tsallaka teku. A 2020 hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta jihar Kalifoniya ta kai kamfanin Cisco ƙara bisa zargin nuna wa wani injiniya ɗan Indiya bambanci saboda asalinsa. A Fabrairun 2023 Seattle ta zama birni na farko a Amurka da ya haramta irin wannan wariya, majalisar Kalifoniya ta zartar da makamancin ƙudurin a shekarar, amma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a watan Oktoba, yana cewa dokokin da ake da su sun wadatar. 'Yan Indiya ne a ɓangarori biyun muhawarar: ƙungiyoyin da ke bin tafarkin Periyar da Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyamar taɓawa a Indiya, suna neman dokar, wasu ƙungiyoyin Hindu kuma suna cewa za ta shafa wa addininsu kashin kaji a idon Amurkawa.