Ma'anar Jinginar Gona

Jinginar gona ita ce mai gona ya karɓi kuɗi ko hatsi a hannun wani, ya danƙa masa gonarsa ya riƙa nomawa, har zuwa ranar da zai mayar da abin da ya karɓa ya fanshi abarsa. Ta bambanta da sayarwa, domin mallakar gonar tana nan ga mai ita da magadansa. Ta kuma bambanta da haya, domin kuɗin haya idan an biya ya tafi ke nan, alhali kuɗin jingina bashi ne da ake jiran dawowarsa cif. Galibi lalura ce ke kawo ta, kamar jinya, ko aurar da 'ya, ko ƙarewar hatsi a rumbu tun da bazara.

Idan aka duba lissafinta, nauyin ya fi karkata a kan mai gona. Wanda aka jinginar wa yana kwashe gero ko dawa kowace kaka ba tare da bashin ya ragu da ko kwabo ba, shi kuwa mai gona ya rabu da hanyar da zai tara kuɗin fansa, sau da yawa ma sai ya koma ƙwadago a gonakin wasu. Wannan ne ya sa malaman Malikiyya suka hana mai bin bashin rance cin amfanin abin da aka jinginar masa, bisa ƙa'idar cewa rancen da ya jawo amfani ga mai bayarwa ya shiga riba haramtacciya.

Ita ma ƙasar tana shan wahala, kuma wannan ne abin da ba a cika lura da shi ba. Takin gida, wanda ake kaiwa da mangala a kan jaki ko a amalanke da rani, amfaninsa yakan wuce damina ɗaya, don haka mutumin da bai san ranar da za a zo fansa ba ba zai ɓata dukiyarsa a kansa ba. Zai watsa takin zamani daidai abin da shukar bana za ta ci, ya maimaita masara a wuri ɗaya, ba zai damu da renon gawo ko toshe zaizaya ba. Ranar fansa sai a karɓi gona a gajiye.

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna ko ƙaramar hukuma kafin a jinginar da haƙƙin riƙon fili, ko da yake a karkara an fi tsayawa ga shaidar mai unguwa ko dagaci. A Nijar kuwa, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke rubuta irin wannan yarjejeniya. Takardar ta kamata ta fayyace adadin bashin, da iyakokin gonar, da wanda zai ci 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya, da kuma cewa ba za a fanshi gona ba sai an gama girbi.