Waiwaye: Daga Sarkin Magina Zuwa Takardar Izinin Agareman, Wa Ke Tsaya wa Ƙaramin Ɗan Kwangila a Damagaram?

"Tirezor bai biya ba." Duk wanda ya taɓa buga bulo, ko zuba dal, ko jan wayar lantarki a ƙarƙashin wani babban ɗan kwangila a Damagaram ya san wannan amsa, wato baitulmalin gwamnati bai saki kuɗi ba. Yayana mai walda ne a Zango. Ya ƙera ƙofofi da tagogi na azuzuwa shida, ƙarfen ma bashi ya ɗauko a kasuwa, aka ba shi rabin kuɗinsa, saura jika 800 suka maƙale. Duk zuwan da zai yi sai a ce masa, "Malam, ƙara haƙuri, ni ma jira nake." Shi kuma ya ce, "To Alhaji, Allah ya kawo su." Sai bayan shekara biyu ya ji a bakin wani cewa an daɗe da biyan kuɗin aikin. Yara na karatu a azuzuwan, mai ƙarfe na bin sa, Alhajin kuwa ya samu wata sabuwar kwangila.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi ci mini rai, ita kuma ta sa na waiwaya baya.

A biranen Hausa na dā, gini sana'a ce mai sarauta. Akwai sarkin magina, shi ke raba aikin fada, shi ke sasanta magini da mai gida, kuma wanda ya ci haƙƙin yaransa ya san inda za a kai ƙararsa. Ba na cewa zamanin aljanna ne. Ganuwar Birni da aka ɗaga a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ta sha gumin bayi da na talakawan da ba a tambayi ra'ayinsu ba. Amma a tsakanin masu sana'a, izinin yin aiki da mutuncin biyan haƙƙi a hannu guda suke. In sunanka ya ɓaci a wajen sarkin magina, aikinka ya tsaya.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, garin ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har aka mayar da ita Yamai a 1926. Bariki da hanyoyi da aikin tilas aka yi su, kuma ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Daga nan kwangilar takarda ta kankama, tare da wani sabon mutum, tasharon: wanda ke karɓar yankin aiki daga hannun babban kamfani, a yi ciniki da baki, ya tara leburorinsa. Sama takarda da hatimi, ƙasa amana. Haka tsarin ya zauna har yau.

Lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa a shekarun 1970, ɓarakar ba ta fito ba, domin gwamnati na biya. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya fara tara bashin ƴan kwangila. Sai kuma Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi: wanda ya yi cinikin aiki da tsohon farashi ya wayi gari ƙarfe da fenti da duk kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. A wannan zamani "sai an biya ni in biya ka" ta zama kamar doka. Kuma gaskiya ne, sau da yawa babban ɗan kwangilar ma a matse yake. Yana jiran a sa hannu a takardar biyan abin da ya kammala, ana riƙe masa har kashi 5 cikin ɗari na garanti sai an karɓi aiki karɓar ƙarshe, banki na ƙirga masa ruwa. Illar ita ce uzurin gaskiya ya zama mafakar maƙaryaci, tunda na ƙasa ba shi da hanyar sanin ranar da kuɗi suka fito.

Dokoki sun zo, kuma a takarda ba su da laifi. Nijar ta yi kundin kwangilolin gwamnati a 2002. A 2005 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta fitar da ƙa'idojin bai-ɗaya: mai kwangila na iya ba wani yankin aikin, amma kada ya wuce kashi 40 cikin ɗari, sai hukumar da ta ba da aikin ta amince da ƙaramin ɗan kwangilar, kuma nauyin aikin duka yana nan a wuyan babban. Akwai ma ƙofar biyan ƙaramin kai tsaye daga asusun gwamnati in an amince da shi da sharuɗɗan biyansa, dabarar da Faransa ta kafa a dokarta ta 31 ga Disamba 1975. Aka kafa hukumar sa ido, ARMP, wadda yanzu ake kira ARCOP, mai ikon hana kamfani shiga takarar kwangila na wani lokaci.

To amma duk wannan kariya ta wanda aka rubuta sunansa ce. Mai walda na Zango, da mai tifa da ke kawo yashi, da matar da ke dafa wa leburori abinci a kan bashi, babu ɗayansu a cikin dosiye. Babban ba ya son bayyana su, don kada a ga ribar da ya ci a tsakani, ko a gane ya sayar da aikin kacokan ya wuce iyakar kashi 40. Su kuma ba su da rajistar kasuwanci ko lambar haraji, suna tsoron in sun nemi a rubuta su, masu haraji su biyo sawu.

Damagaram ta ga manyan ayyuka a ƴan shekarun nan: bikin 18 ga Disamba na 2006, matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, sai Zinder Sabuwa a 2018. Aikin da aka ɗaure da ranar biki aikin gaggawa ne, dare da rana, kuma gaggawa ba ta jiran rubuta yarjejeniya. Manyan kwangiloli kan faɗa hannun kamfanonin Yamai ko na ƙetare, masu ƙarfin jari da injuna; ɗan gari ya samu abin da aka yago masa. Biki ya watse, kamfani ya kwashe injunansa, mai bin bashi ya tarar tsakaninsa da ofishinsu tafiyar kusan kilomita 900 ce.

Kotu fa? Dokar OHADA, ƙungiyar haɗa dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi hanya mai sauri da alƙali zai ba da umarnin biya, amma sai bashin ya tabbata, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. Wanda hujjarsa ita ce "mun yi magana a gaban direbansa" zai sha wuya. Ga kuɗin lauya da na wisiye, mai kai sammaci da zartar da hukuncin kotu. Ga abin da ya fi su duka nauyi: wanda ya kai Alhaji gaban alƙali ya rufe wa kansa ƙofar aiki a wajen abokan Alhaji. Shi ya sa yawanci ake ƙarewa a zauren mai unguwa ko gaban liman, a tuna wa mai kuɗi hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, a yafe rabi, a karɓi rabi.

Wasu ƙasashe sun ɗaure maganar a inda take yi wa ɗan kwangila zafi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, in an biya babban ɗan kwangila, kwana 7 gare shi ya biya na ƙasa da shi. In ya riƙe ba dalili, tarar kashi 2 cikin ɗari kowane wata na hawa kansa, kuma hukumar lasisi na iya dakatar da lasisinsa ko ta ƙwace. Birtaniya ma tun dokar 1996 ta hana sharaɗin "sai an biya ni", in ba wanda ke sama ne ya karye ba.

A nan, takardar izinin da ake kira agareman, wadda ke nuna rukunin ayyukan da kamfani zai iya nema, tana duba injuna da injiniyoyi da ayyukan baya. A wajen takara kuma ana neman shaidar biyan haraji da ta CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Wato gwamnati ta san yadda za ta hana aiki ga wanda bai biya ta ba. Abin da nake ganin ya rage shi ne a yi wa na ƙasa irin wannan gata: kafin a saki kuɗin garanti ko a sabunta agareman, a ga sa hannun waɗanda suka yi aikin cewa an sallame su, a kuma liƙa ranar da aka biya kowane kaso a allon wurin aiki, kusa da sunan kamfani. Da akwai wannan allo, da yayana bai yi shekara biyu yana addu'ar fitowar kuɗin da suka riga suka fito ba. Yanzu dai ba ya taɓa ƙarfen kowa sai an rubuta takarda da shaidu biyu, kuma ayyuka uku ke nan suna wuce shi saboda haka.