Waiwaye: Jirgin Kuza, Tsofaffin Motoci da Hotunan da Suka Rage Mana a Jos

A cikin akwatin ƙarfen da mahaifinmu ya bari akwai wani hoto baƙi-da-fari wanda bai fi tafin hannu ba. Maza biyar ne tsaye a gaban kan jirgin ƙasa, uku da gajeren wando da doguwar safa, biyu da 'yar shara da hula. Gara ta cinye kusurwa ɗaya, ta tafi da rabin hannun na ƙarshe. A bayansa akwai hatimin mai hoto da shuɗin tawada, ya dushe har ba ya karantuwa. Ba shekara, ba suna. Abin da muka sani kawai shi ne na biyu daga dama kakanmu ne, wanda ya yi aikin reluwe a nan Jos.

Irin waɗannan hotuna sun dawo da daraja a 'yan shekarun nan. Kullum sai wani ya turo maka ɗaya a waya: jirgi na tashin hayaƙi a tasha, ko jerin motoci a Terminus, ko wani gidan dutse mai rufin kwano a Rayfield, a ƙasa an rubuta "Allah sarki Jos ta da". Ni ma ina cikin masu tsayawa su ƙura musu ido. Amma yawan kallonsu ya sa na fara tambayar kaina wa ya ɗauke su, don me, kuma wa aka bari a wajen hoton.

Labarin ya faro ne daga kuza. Tun kafin Bature ya zo, maƙera suna narka ta a Liruwen Kano da Liruwen Delma, fatake suna yawo da 'yan siraran sandunanta a kasuwanni. Su ne suka ja hankalin kamfanin Niger Company, har ya aiko mutanensa su bi sawu, kuma a 1903 injiniyansa H. W. Laws ya iso tudun Jos, daga baya ya kafa sansani a wajejen Naraguta. A shekarun farko babu hanyar mota, babu ta jirgi. A ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai, inda za a zuba ta a jirgin ruwa. Wannan wahala da tsadarta su suka haifi layin dogon da aka sa wa suna Bauchi Light Railway, wanda ya taso daga Zariya, ya kai Rahama a 1912, ya hau tudu ya iso Jos da Bukuru a 1914.

Duk wanda ya ga hoton wannan jirgi zai lura da ƙanƙantarsa. Faɗin layinsa ƙafa 2 ne da inci 6, alhali babban layin da ya taso daga Legas zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Saboda haka taragon wannan ba ya hawa layin wancan. In kaya suka iso Zariya sai an sauke su an sake lodi. A 1927 reshe daga Kafanchan ya shigo Jos da cikakken faɗi, ya haɗa garin da Inugu inda ake haƙar kwal, da Fatakwal inda jiragen ruwa ke jira. Daga nan ƙaramin jirgi ya fara rasa kasuwa, ya yi ta jan ƙafa har aka rufe layinsa a 1957. Shekara ɗaya bayan haka aka fara shimfiɗa wani sabo daga Kuru, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya kai Maiduguri a 1964.

Hotunan wancan zamani na farko kusan duk daga hannun Turawa suka fito: injiniyoyin kamfanonin haƙa, jami'an mulki, 'yan mishan. Wasu an buga su a kati ana aikawa gida Ingila, don a nuna wa dangi da masu hannun jari cewa aiki na tafiya. Shi ya sa inji ne a tsakiyar hoto. Kan jirgi, katafaren injin tonon ƙasa, madatsar ruwan Kurra inda kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki wajen 1930 domin ma'adinai. An rubuta sunan injin, an rubuta sunan manajan da ya jingina da shi. Can gefe kuma, ko can ƙasan rami, sai ka hangi jerin mutane da kwanon sarki a ka, maza da mata, ba wanda aka rubuta sunansa.

Waɗannan na gefen su ne mu. Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi, Kanuri, Tibi, Ibo, Yarbawa, ga kuma Berom da Anaguta da Afizere waɗanda a kan ƙasarsu ake tonon, gonakinsu ne suka zama ramuka da kududdufan da har yau suke cin mutane da dabbobi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai gwamnati ta ƙaƙaba aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubban mutane daga lardunan Arewa ana kawo su ma'adinai. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kawo shi cikin sanyin Jos da 'yar riga ɗaya, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa ba su koma gida ba. A shekarar 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwarta. In na ga hoton tarago maƙare da buhuna yana sheƙi a rana, kyansa na burge ni, amma ba na iya raba shi da wannan.

Ba ina cewa a daina son hotunan ba ne. Da Baturen bai ɗauka ba, da ko wannan ɗin ba mu samu ba.

Zamani na biyu ya fi kusa da zuciyata, domin a nan ne kyamara ta shigo hannunmu. Daga shekarun 1950 shagunan masu hoto suka yawaita a cikin gari, da labulen zane a bango da kujera ɗaya da tukunyar fure. Ga kuma masu rataye kyamara a wuya suna zagaya unguwa ranar Sallah da Kirsimeti da ranar biki, a ɗauke ka yau, a wanko a kawo maka bayan kwana uku. Yanzu mutum ne a tsakiya, inji ya koma ado. Saurayi zai roƙi direba ya bar shi ya dafa mota a ɗauke shi, ya aika wa iyaye a ƙauye su ga ya zama ɗan birni. Magidancin da ya sayi tasa kuwa sai ya tara iyali duka, a wanke motar tas, a ɗora autan gida a kan bonet.

Motocin da ke cikin waɗannan hotuna su ma suna da nasu tarihin. Da farko na Ingila ne suka fi yawa, Morris da Austin da Land Rover, da manyan Bedford masu bodin katako waɗanda ake zana wa addu'a ko karin magana a goshi, su ɗauko dankali da kayan miya daga ƙauyuka. Sai Marsandi ta alhazai da manyan ma'aikata. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daga nan 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ɗaukar amarya, kowa na kiran ta Fijo. Ɗaukakar mota a wannan lokaci ita ce kuma farkon koma-bayan jirgi. Kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, tirela ta ɗauke kaya, fasinja ya gwammace ya isa Kaduna a yini ɗaya da ya kwana a Kafanchan yana jiran canji. Injin dizal ya riga ya fara ture mai hayaƙi tun tsakiyar shekarun 1950, sannu a hankali kuma shi ma dizal ɗin ya yi ƙaranci a tashar Jos.

Game da gine-gine, Jos na da wata sa'a da sauran garuruwa ba su samu ba. A 1952 Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos, kuma kuza ce ta jawo shi, domin a ramukan haƙa aka riƙa tsintar gumakan yumɓun nan na Nok. A harabarsa aka adana wasu daga cikin kawunan ƙaramin jirgin Zariya da tsofaffin motoci, ga su nan a fili mutum zai iya tsayawa kusa ya gwada tsayinsa da nasu. A gefensa kuma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, MOTNA, wanda ya samo asali daga aikin Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Foland. Tun ƙarshen shekarun 1950 mutumin nan ya fara zagaya Najeriya da igiyar awo da kyamara, yana auna soraye da zauruka da masallatai, a shekarun 1970 kuma aka kawo magina suka sake gina wasunsu a Jos da tubali da azara: ɓangaren ganuwar Kano, da fadar Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19. Na asalin a Zariya an yi masa sauye-sauye an lulluɓe shi da ginin zamani, don haka awo da hotunan Dmochowski suka zama babbar shaidar yadda yake a da. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin bakan gizon ginin ƙasa ya ɗaga kai ba, ba zai gane abin da ake nufi da gwaninta ba. Sai dai ginin ƙasa kamar jinjiri yake, kowace damina ta wuce yana neman yaɓe, ruwan Jos kuwa ba ya wasa.

Akwai kuma gidajen Turawa na dutse masu murhun jin ɗumi a ɗaki, da otal ɗin Hill Station, da cocin St. Piran da aka sa wa sunan waliyyin masu haƙar kuza na yankin Cornwall a Ingila. Sarauniya Elizabeth ta yi hutun 'yan kwanaki a Jos a ziyararta ta 1956, hotunan zuwan nan suna cikin waɗanda aka fi yaɗawa.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka watse, injuna suka tsaya a inda suke suna tsatsa. A wannan shekarar ce kuma aka kammala babbar kasuwar Terminus, abin alfaharin gari, wadda baƙi ke zuwa takanas su ɗauki hoto a gabanta. Shekara 17 kacal ta yi, gobara ta cinye ta a watan Fabrairu na 2002, 'yan watanni bayan rikicin 7 ga Satumba 2001. Na 2008 da na 2010 suka biyo baya. Mutane suka rasu, unguwanni suka rabu, maƙwabta na shekara talatin suka koma ba sa shiga layin juna. Gidajen da suka ƙone sun ƙone da albam ɗinsu, shagunan masu hoto kuma da tarin fim ɗin da ke ajiye a cikinsu.

Wannan shi ya sa begen tsohon hoto a Jos ya bambanta da na wani wuri. Mutumin Abuja in ya ga hoton jirgi, sabon nan ne da ke tashi daga Idu zuwa Kaduna tun 2016, garinsa bai tsufa ba balle ya yi kewar tsufansa. Mu kuwa in muka ga ma'aikatan reluwe biyar sun dafa kafaɗar juna, wannan da hula wancan da gajeren wando, ba jirgin muke kallo ba. Zaman da aka yi muke kallo.

Abin da ke damuna shi ne yadda hotunan ke yawo tsirara, ba bayani, ko da bayanin ƙarya. Na ga hoton Kaduna an ce Jos ne. Na ga wanda aka sa wa kala da kwamfuta, aka mai da tsohuwar mota ja alhali ba wanda ya san kalarta. Yanzu ma har waɗanda na'ura ta ƙirƙira gaba ɗaya sun fara shigowa, titi fes, jirgi mai kyau, wurin da bai taɓa wanzuwa ba. Akwai 'yan alamun da ke taimakawa. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka in motoci na bin hagu, hoton ya girmi wannan rana. In allon shago ya nuna farashi da sule da fam, kafin naira ne, wato kafin 1973. In ƙaramin jirgi na aiki a kan siririn layinsa, bai wuce 1957 ba. In kasuwar Terminus na tsaye da rufinta, tsakanin 1985 ne da farkon 2002. Wanda ke son zurfafawa kuma akwai ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa. Amma sunayen mutanen da ke cikin hotunan gidajenmu ba sa can, suna bakin tsofaffinmu ne, su kuwa kullum raguwa suke.

Ran wata Asabar na sa hoton nan a ambulan na kai wa gwaggonmu a Gangare, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta sa aka fito mata da tabarma tsakar gida inda haske ya fi, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

"A akwatin Baba, Gwaggo."

Ta ɗora yatsa a kan mahaifinta ta yi masa addu'a. Ta gane na kusa da shi, ta ce shi ke zuba kwal a wuta, mutumin Inugu ne, matarsa ce ta koya wa mahaifiyarsu ɗinkin keke, sun tafi a 1966 ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Na uku ta ce ɗan Bukuru ne, ta tuna laƙabinsa, sunan yanka ya ɓace mata. Sauran biyun ta juya hoton ta sake juyawa, ta girgiza kai. Na karɓa na kifa shi a gwiwata, na rubuta da fensir duk abin da ta faɗa, da kwanan wata, da sunanta a ƙasa. Wurin mutum biyu na bar shi fili.