Dokar Karakala ta 212: zama ɗan ƙasa da harajin gado

Ana yawan yaɗa cewa Sarki Karakala na daular Rum ya 'yanta bayi kuma ya daidaita kowa da kowa a dokar da ya kafa a shekarar 212 miladiyya. Wannan fahimta kuskure ce. Dokar ta ba kusan duk wanda ba bawa ba da ke zaune a daular, namiji ko mace, matsayin ɗan ƙasar Rum, amma bawa yana nan a bautarsa.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne harajin gado. Tun a shekarar 6 miladiyya Sarki Agustus ya kafa baitulmali na musamman domin biyan kuɗin sallama ga sojojin da suka gama aiki, ya kuma ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan dukiyar gado domin cika shi. 'Yan ƙasa kaɗai wannan haraji yake hawa, kuma an ɗauke wa dangi na kusa. Karakala ya ninka shi zuwa kashi 10, ya soke sassaucin da ake yi wa dangi, sannan ya shigar da miliyoyin mutanen Masar da Sham da sauran larduna cikin waɗanda harajin ya hau kansu. Ke nan maraya da a da zai karɓi gadon mahaifinsa cikakke, yanzu sai an cire rabon hukuma tukuna, kuma da wuya a kira wannan adalci.

Masanin tarihi Kasiyus Diyo, wanda ya rayu a zamanin, ya ce karramawar da aka yi wa jama'a da matsayin ɗan ƙasa ta fatar baki ce, ainihin manufar tara kuɗi ce. Gaskiya ne Diyo ba ya ƙaunar sarkin, sai dai lissafi yana goyon bayansa, domin Karakala ya ƙara wa sojoji albashi da kusan rabi, bayan ƙarin da mahaifinsa Seferus ya riga ya yi musu.

Da aka kashe Karakala a 217, magajinsa Makrinus ya mayar da harajin kashi 5, ya kuma rage albashin sababbin sojoji saboda baitulmali ya gaza. Sojojin Sham suka juya masa baya, suka naɗa yaro ɗan shekara 14 mai suna Elagabalus, aka kashe Makrinus a 218.